Bututun da Ya Zagaye Gwaiba

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da fatan alheri daga ni da maigidana da jikokinka uku. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ciwon bayan nan kuma ya lafa. Mu nan lafiya ƙalau. Autar ta yi mura ta warke, na tsakiyan ya zubar da haƙora biyu yana ta yi wa mutane dariya da giɓi, babbar kuwa ta kusa kamo ni tsawo.

Na sake gwada kiranka a waya makon jiya. Ka ɗauka kana ta cewa "wane ne?", ni kuma ina ta ihu har maƙwabciyata ta leƙo ta taga tana tambayar ko lafiya. Na haƙura. Tunda kunnen ya ƙi waya, ga takarda.

Baba, akwai aikin da ban taɓa ba ka labarinsa sosai ba. Shekara biyu ke nan hukumar ruwan da nake wa aiki ta ɗora ni a kan sauya masai a gidajen mutane. Muna cire tsofaffin nan masu ƙaton tanki, muna sa sababbi masu cin ruwa kaɗan. Irin namu na gida, duk jan sarƙa ɗaya lita goma sha uku yake zubarwa. Sabon yana da maɓalli biyu a saman tankin, ƙaramin lita uku, babban lita shida. Mun riga mun yi gida dubu huɗu da ɗoriya, kuma a unguwannin da muka gama, famfo ya fara kaiwa har gidajen da ke kan tudu. Ranar da wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana sa min albarka don ruwa ya hau gidanta, kai na tuna. Na tuna jakar kayan aikinka, da yadda kake kara kunne a jikin bango ka gane inda ruwa ke tsiyaya tun kafin bangon ya jiƙe. A wurinka na fara sha'awar wannan aiki, ko da yake ban taɓa faɗa maka ba.

To ga dalilin takardar. Goggo ta gaya min yanzu famfo sau biyu kawai yake zuwa layinku a mako, tankin kan rufi kuma ba ya kai ka kwana uku, sai ka ɗauki bokiti zuwa rijiyar maƙwabta. Da wannan bayan naka, Baba? Na zauna na yi lissafi, rabin ruwan da kake ɗauka masai ne ke shanye shi. Ina so in aiko maka da sabo guda ɗaya, irin mai kyan. Idan aka sa shi, tankin zai kai ka har famfo ya sake zuwa, ka ajiye bokitin nan.

Kada ka ce min tsohon bai lalace ba. Na san bai lalace ba, ai kai ka sa shi. Lokacinsa ne ya wuce.

Ban san abin da ya hau kaina yau ba, ga shi na cika shafi uku da surutu. Ka gaida Goggo.

'Yarka

*

Uwata,

Takardarki ta iso ranar Talata. Sai da na auna ambulan ɗin a tafin hannu kafin in buɗe, na ce wa mai kawo wasiƙu ko dai ya yi ɓatan gida, don ni 'yata ba ta wuce rabin shafi. Ya ce sunana ne a jiki. Na karanta sau uku, na huɗun kuma na karanta wa gwaibar Innarki, tunda ita kaɗai ce ba ta katse ni in ina magana.

Lafiyata lau. Bayan yana yin gardama da safe, zuwa hantsi sai mu shirya. Kunne kuwa shekara arba'in da ɗaya yana shan bugun ƙarfe, ya gaji ne. Goggonki ta ƙara gishiri a maganar bokiti. Kin san ta, famfo ce da makullinta ya ɓace tun muna yara.

Masai mai maɓalli biyu, sai ka ce rediyo! Na yi durƙuso a banɗakin mutane har gwiwata ta yi kanta, ban taɓa cin karo da irinsa ba. Lita uku kuwa, Uwata, ai wanke hannu ne. Amma tunda kin ce gida dubu huɗu sun shaida, wane ni in yi musu da injiniya. Na so in yi wata 'yar magana a kan bututun da ke bi ta tsakar gida, sai na ga ba ta da muhimmanci, na bar ta. Ki aiko.

Abu ɗaya zan tambaya: wa zai ɗaura shi? Hannuna ba ya matse sifana kamar da. Jakar kayan aikin tana nan rataye a ƙusar da kika sani, bayan ƙofar ɗakin ajiya, babu abin da ya ɓace ciki. Aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya. Wanda ya zo daga nesa kuwa, sai ya huta kwana biyu tukuna, ya yi aikin a na uku, ya sake hutawa. Ban ce komai ba, lissafi kawai nake yi irin naki.

Gwaibar ta yi fure bana fiye da kowace shekara. Rabonki da gidan nan tun rasuwar Innarki, shekara uku ke nan, kuma ko a lokacin kwana biyu kika yi. Ba ƙorafi nake ba. Ɗakinku na nan, ina buɗe tagar kowace safiya ya sha iska.

Ki shafa min kan mai giɓi. Ki ce masa kakansa ya fi shi, ni huɗu na zubar.

Babanki

*

Baba,

Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Na ji daɗin amincewarka ƙwarai.

Na gane lissafinka, kuma wallahi na so. Amma an sa mu gama wata unguwa mai gida ɗari shida kafin ƙarshen wata mai zuwa, yaran kuma suna tsakiyar karatu. Ba zan iya motsawa yanzu ba.

Akwai wani mai gyaran famfo da ya yi shekara biyu yana aiki a ƙarƙashina kafin ya koma nan kusa da ku da zama. Dogo muke ce masa, za ka ga dalili idan ya zo shiga ƙofarka. Hannunsa na da kyau, na yarda da shi. Zan sa masai ɗin a motar kaya, shi zai karɓa ya kawo ya ɗaura a yini ɗaya. Kai dai ka zauna a kujera ka kalla, kada ka taɓa komai.

Sai na ji daga gare ka.

'Yarka

*

Uwata,

Ina gaishe ku duka. Dogonki ya zo, mutumin kirki ne, ya iya aiki. Tsohon masai ya ƙi fita, don da siminti na dasa shi, sai da ya sa guduma ya farfasa shi. Sabon ya zauna, fari fat, maɓallan biyu suna aiki. Na zauna a kujera na kalla kamar yadda kika ce. Na gode, Allah ya yi miki albarka.

Babanki

*

Baba,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Wannan ita ce takarda ta uku da na rubuto tun bayan 'yar gajeriyar da ka aiko. Mako bakwai ke nan ban ga amsa ba. Kullum na dawo daga aiki sai na buɗe akwatin wasiƙu, har yaran sun fara yi min ba'a.

Na sake karanta takardar taka, layi biyar ce. Ba ka tsokani Goggo ba, ba ka tambayi mai giɓi ba, ba ka ambaci gwaiba ba. Na san ka, Baba. Ina jin laifi na yi maka. Na turo baƙo ya shiga banɗakin mutumin da ya koya wa rabin masu gyaran famfon garin aiki, ya sa guduma ya farfasa abin da ka dasa da hannunka, kai kuma na ce ka zauna ka kalla. Sai yanzu na ga yadda abin zai yi maka ciwo. Ka yafe min, ban yi don in nuna maka ka tsufa ba.

Ko layi biyu ne ka rubuto. Ka gaya min kwana nawa tankin yake kai ka yanzu, a lissafina ya kamata ya kai shida. Idan fushi kake, ka rubuta fushin, zan karanta.

'Yarka

*

Ke 'yar nan,

Ni ce goggonki. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Lafiyata ƙalau, ban da hawan jinin da ke da ubanki kuke neman sa min. Ba na son rubutu, kin sani, amma maganar nan ta fi ƙarfin waya, in na fara kuka za mu yi ba a gama ba.

Na yi tafiya wurin haihuwar 'yata, wata ɗaya da rabi. Da na dawo makon jiya na biya in duba yayana, na same shi kwance a tabarma a falo, ko juyawa ba ya iya yi sai ya kama ƙafar kujera. Na ce me ya faru, ya ce sanyi ne ya shige shi. Na shiga banɗaki in wanke hannu, me zan gani? Bokiti shida a jere, cike da ruwa, gefen wannan farin abin naki mai maɓalli.

Sai da na tsare shi ya faɗa. Ashe tun kwana huɗu da sa shi bututun ya toshe. Ruwan da sabon yake saki ba ya isa ya kora komai har rami, sai abin ya tsaya a hanya. Sau uku yayana yana durƙusawa a tsakar gida yana zura dogon ƙarfe yana buɗewa. Daga nan ya samo dabara: duk lokacin da ya shiga, sai ya bi da bokiti biyu. Kin ji tattalin ruwanki. Da sau biyu yake zuwa rijiya a yini, ya koma sau biyar, har bayan ya ce ya isa haka.

Na aika aka kira Dogon nan naki. Ya haƙa nan ya haƙa can, ya miƙe yana share gumi ya ce masai ɗin ba shi da laifi. Wai bututun bai tafi kai tsaye zuwa rami ba, ya yi wani dogon zagaye ya bi bayan gwaiba, kuma kusan a kwance yake, ba gangara. Ya ce magani ɗaya ne, a haƙa sabuwar hanya miƙaƙƙiya, gwaibar kuma a kan hanyar take zaune daram, sai an sare ta an tone saiwar. Ai kafin ya rufe baki, mutumin da ba ya iya juyawa ya miƙe, ya ja kujerarsa har gindin bishiyar ya zauna. Dogo yana bayani shi yana cewa "ba na ji". Kin san kunnen ubanki, yana da abin da yake zaɓa.

Takardunki uku suna cikin jakar kayan aikinsa, sun yi laushi don yawan buɗewa. Na ce don me ba ka amsa ba, yarinya tana can hankalinta a tashe? Ya ce, "Ƙarya ba zan rubuta mata ba, gaskiyar kuma ta ƙi rubutuwa." Wai in rantse ba zan gaya miki ba. Na ce masa ni ma kunnena ya yi nauyi.

Yanzu ni ke ɗaukar bokitin, kuma ni ma ba yarinya ba ce. Ki san abin yi. Ko bishiya ko bayan ubanki, ɗaya za a zaɓa, kuma ke kaɗai yake jin maganarki.

Goggonki

*

Baba,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Goggo ta gaya min komai, kada ka yi mata faɗa.

Na karanta takardarta a ofis, na rufe ƙofa na yi kuka. Daga baya na ɗauko takardarka ta farko, na ga inda ka ce kana da 'yar magana a kan bututun tsakar gida, ka bar ta. Ka sani ke nan tun farko. Ka san abin da zai faru, ka bar ni na aiko, ka bar Dogo ya fasa tsohon da ba zai sake haɗuwa ba. Don me, Baba? Ai layi ɗaya ya isa. Kowane gida muka shiga, abu na farko da nake sa a duba shi ne gangarar bututu. Gidanmu kaɗai ban sa an duba ba, don na ce aikin Baba ne, ba ya bukatar dubawa.

Zan faɗi abin da ba ka son ji. A sare gwaibar. Na san Inna ce ta dasa ta, ni ma a inuwarta na girma. Amma bishiya ce, za a iya dasa wata a gefen katanga, cikin shekara uku ta yi 'ya'ya. Na riga na rasa Inna. Ba zan zauna a nan ina jiran takardar da za ta ce min ka faɗi a bakin rijiya da bokiti a hannu ba.

Ban ba Dogo umarni ba, don gidanka ne. Amma ina roƙonka ka ɗauke kujerar.

'Yarka

*

Uwata,

Na samu sauƙi, har ina iya zama in yi rubutu. Goggonki ta sa min matashin kai biyu a baya da magana ɗari a kunne. Ina gaida kowa.

Kin tambaye ni don me. Bari in fara da bututun, shi ya fi sauƙin bayani.

Lokacin da na zo yin banɗakin nan, na ja igiya daga bango zuwa ramin da ke jikin katanga, taku ashirin cif, gangara mai kyau. Igiyar ta bi ta kan gwaiba. A lokacin ba ta wuce ƙuguna ba, Innarki ta dasa ta shekarar da muka tare, kuma tana ɗauke da cikinki wata bakwai. Ta fito ta ga igiyar. Ta je ta ɗebo ruwa a kofi ta zuba wa bishiyar, ta koma ɗaki. Na daɗe tsaye ina kallon igiyar nan, sannan na cire ta. Na zagaya da bututun ya zama taku talatin da biyar, kuma kin fi ni sanin cewa gangarar da ta ishi ashirin ba ta isar talatin da biyar. Aiki ne da in wani ya yi shi zan zage shi.

Sai na yi dabara. Na haɗa ruwan wanka da na wurin wanki da na wanke-wanke, na sa duka suka shiga bututun daga can samansa, don su riƙa kora abin da ya tsaya. Mu tara ne lokacin da gidan nan ya cika: ni da Innarki, ke da ƙannenki uku, kakarki, Goggonki kafin ta yi aure, da ƙanena. Daga safiya har faɗuwar rana ruwa bai daina bi ta ƙarƙashin tsakar gidan nan ba. Shekara talatin bai toshe ko sau ɗaya ba. Daga nan aka fara raguwa. Wannan ya tafi karatu, wancan ya tafi aiki, kakarki ta rasu, Innarki ta bi ta. Da na rage ni kaɗai, wanka ɗaya da kwano biyu, lita goma sha ukun nan na tsohon masai su ke riƙe da hanyar. Masai ɗinki ba shi da aibi, Uwata. Bututun ne aka yi shi don gida mai mutane.

Yanzu ɗaya tambayar. E, na sani. Na sani tun ina shafi na biyu. Amma shekara takwas kina can, takardunki ba su wuce "muna lafiya, ka riƙa shan magani". Rana ɗaya sai ga shafi uku, kina ba ni labarin aikinki, kina cewa a wurina kika fara. Abu na farko ke nan da kika taɓa kawo min daga sana'ar da ta haɗa mu. In ɗauki biro in ce miki ba zai yi ba? Na ce a raina za ta zo ta ɗaura da kanta, in kai ta tsakar gida in nuna mata zagayen, mu tsaya mu biyu mu yi shawara kamar abokan aiki. Da kika ce Dogo zai zo, sai na ji kunyar janyewa. Wautar tsufa ce, na yarda. Kewarki ce ta sa ni, ba wani abu ba.

Maganar gwaiba kuwa, ba zan iya yi miki musu da lissafi ba, kin fi ni. Amma duk abin da Innarki ta taɓa a gidan nan ya tsaya yadda ta bar shi, kwanukanta, kekenta na ɗinki, takalminta. Wannan kaɗai ce take ci gaba da girma. Idan kin ce a sare, zan ɗauke kujerar da hannuna. Sai dai ki zo ki faɗa a gabanta, ba a takarda ba.

Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ka, na ji daɗi da jikin ya yi sauƙi. Ka gaya wa Dogo kada ya taɓa ko ganye ɗaya.

Tunda ka faɗi taka gaskiyar, ga tawa. Aiki yana da yawa, ba ƙarya na yi ba, amma ba shi ya hana ni zuwa ba. Tsoron tsakar gidan nake ji. Kwana biyun da na yi lokacin rasuwa, duk inda na juya sai in ga kamar za ta fito daga kicin da tsumma a kafaɗa. Na gudu. Ko takarda na zauna rubuta maka sai in taƙaita, don in na tsawaita gidan nake tunawa. Ban yi tunanin kai da kake kwana kana tashi a cikinsa ba.

Na yi kwana biyu ina zana bututunka a takarda. Dabararka ba ta mutu ba, ƙarfi ne ta rasa. Ruwan wankanka da na wanke-wanke kaɗan-kaɗan yake tsiyaya, shi ya sa ba ya kora komai. Idan muka sa wani ƙaramin tanki a saman bututun, mai tara wannan ruwan har ya cika, sannan ya kife da kansa ya juye shi duka lokaci ɗaya, zai yi aikin tsohon masai, ba tare da an ɗebo ko kofi ɗaya daga rijiya ba. Amma sai na auna gangarar da idona, kuma kai kaɗai ka san inda kowace gaɓa take. Aikin mutum biyu ne.

Na nemi hutu, an ba ni mako shida, daidai da hutun yara. Maigidana zai kawo mu ya juya. Mu huɗu ne, kuma mai giɓi shi kaɗai yana wankan mutum uku. Ka sauko da jakar, ka shafa wa sifana mai. Ka roƙi Goggo ta ƙara haƙurin kwana goma sha biyu.

Akwai sauran gwaiba a sama, ko tsuntsaye sun riga mu?

'Yarka

*

Uwata,

Ina fata kun isa lafiya, gajiyar hanya ta sake ku. Yau kwana tara da tafiyarku. Lafiyata lau, bayan ya daina gardama. Bokitan nan shida na kife su a ɗakin ajiya, gizo-gizo ya fara gini a ciki. Tankin kan rufi ya kai ni kwana shida cif, yadda kika lissafa tun farko. Ki ƙara gidan ubanki a cikin dubu huɗun.

Goggonki ta ji labarin cewa yaran sun sa wa tankin juyi sunanta, wai yana tarawa shiru ya juye gaba ɗaya. Ta zo ta ɗaga murfin tana faɗa, ashe ya kusa cika, ya kife ya fantsama mata ruwa har gwiwa. Tun da uwarmu ta haife ta ban taɓa ganin ta rasa abin cewa ba sai ranar.

Mai giɓi ya bar takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado. Ba zan aiko ba, mai shi ya zo ya ɗauka. Autar ta zana wani abu mai manyan kunnuwa a bangon falo ta ce ni ne, ban goge ba. Ƙasar da muka mayar inda muka haƙa ta zauna, ciyawa ta fara fitowa. Ranar da na ga kin durƙusa a ramin nan kin kara kunne a jikin bututu, na juya baya kamar ina neman sifana. Sifanar tana hannuna, kuma na san kin gani.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Kin san ba na jin waya, ba na jin ƙwanƙwasa ƙofa. Amma idan na zauna a gindin gwaiba na cire takalmi, duk lokacin da tankin ya juye ina jin ruwan a tafin ƙafata, ya zagaya bishiyar ya wuce. Da kuna nan sau bakwai ko takwas yake wucewa a yini, har na daina ƙirgawa. Yanzu wankana da kwanona sai sun yi yini guda suna taruwa kafin ya cika. Bututun bai toshe ba, aikinmu ya yi, kada ki damu. Jiya bayan la'asar ya wuce sau ɗaya. Yau bai zo ba tukuna, ina nan zaune ina jira, a nan nake rubuta wannan.

Yaushe ne hutun yara na gaba? Ki amsa da shafi uku.

Babanki